Kafson da Ba Ya Nutsewa

Duk safiya Hidaya takan tarar da mahaifinta yadda ta bar shi: kwance a gefen dama, gwiwoyi a naɗe, idanu a buɗe. Ba ya iya juyawa da kansa. Hannunsa na hagu kaɗai ke motsi, babban yatsa na murza manuni kamar mai jan carbi. Sai ta ce, "Baba, an kwana lahiya?" shi kuma ya motsa leɓe. Ta sa ƙwayar maganin a cokali, ta murƙushe ta da bayan wani cokalin, ta dama da kunu, ta tallafo kansa ta ba shi. Daga nan sai jira.

Kafin rana ta hau katanga jikin yakan saki. Ya zauna, ya yi alwala, ya yi sallar asuba a makare, ya ci abin da ta dafa, wani lokaci har ya taka zuwa zaure. Amma sakin ba ya daɗewa. Tana cikin wanke-wanke za ta ji shiru ya yi yawa, ta leƙo ta same shi tsaye a tsakar gida, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ya kafe kamar an dasa shi. Ta kama shi ta zaunar, ta sake murƙushe ƙwaya. Haka suke yi har rana ta faɗi, gobe kuma su sake.

Malam Rabo direba ne a da. Duk tashar Dogarawa an san shi, domin ya yi shekaru yana ɗaukar mutane da buhunan albasa zuwa Konni, wani lokaci har Tawa. Bayan rasuwar matarsa hannunsa ya fara rawa a kan sitiyari. Ya ɓoye abin har ranar da ya kasa ɗage ƙafarsa daga totur a gangaren Malbaza. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo, amma daga ranar bai sake tuƙi ba. A asibiti aka ce sunan cutar Fakinson. Mutanen unguwa kuwa ciwon karkarwa suke cewa.

Lokacin Hidaya tana aure a Tajaye, da goyon 'yarta Muhsina a baya. Wanta Idrissa yana Abijan yana sayar da takalma, ba ya zuwa sai damina. Ta zo da niyyar ta yi jinya na ɗan lokaci ta koma. Mijinta Khalilu ya zo biko sau da dama, ya zauna a zaure, ya ga tsohon da idonsa, ya koma shi kaɗai. Ba su taɓa yin faɗa ba. A zuwansa na ƙarshe ya ce shi ba zai ce ta bar ubanta ba, shi kuma ba zai iya barin gonarsa da tsohuwarsa ba. Ta ce ta gane. Ya sawwaƙe mata. Da aka yaye Muhsina, kakarta ta wajen uba ta zo ta tafi da ita.

Da farko Hidaya takan yi kuka in ta tuna. Ta je Tajaye sau ɗaya, ta dawo ta tarar Baba ya faɗi a bayan gida, ya yi wuni a ƙasa tururuwa na binsa. Ba ta sake zuwa ba. Daga baya kukan ma ya daina zuwa. Ba ta baƙin ciki, ba ta kuma farin ciki. Ta san inuwar katanga, ta san in ta kai gindin randa lokacin ƙwaya ya yi. In mata sun taru ana hira a gidan maƙwabciyarsu Shatu, takan ji muryoyinsu ta kan katanga kamar rediyon wani gida.

A wata damina Idrissa ya dawo noma. Kwana biyu da isowarsa ya shigo da sauri yana karkaɗe laka daga takalminsa.

"Hidaya, shirya Baba. Gobe Konni za mu. An ce wata lokotoro ta zo daga Yamai, likitar ciwon jijiya."

"Mun ga lokotoro da yawa, Yaya."

"Wagga daban ta. Ke dai shirya shi."

Ta shirya shi. Ta sa ƙwayoyi a ƙullin zane, kunu a gora, cokula biyu a jaka.

Lokotoron mace ce mai furfura a goshi, Hausarta tana da ɗan karin Zabarmanci. Ta sa Malam Rabo ya tashi, ya taka, ya juyo, ya buɗe hannu ya rufe. Idrissa yana ta bayani, rabi da Hausa rabi da Faransanci. Ta bari ya gama, sannan ta ce, "Wa ke ba shi maganin?"

"Ƙanwata."

Ta juya kujerarta ta fuskanci Hidaya. Ta tambaye ta yaushe jikin ke saki, yaushe yake kafewa, me yake ci, yaya yake haɗiya. Hidaya ta amsa tana kallon ƙasa.

"Kin san tumbi?"

"Na akuya na sani."

Matar ta yi murmushi. "Namu bai kai na akuya wuya ba, jaka ɗaya ce. A ƙasanta akwai 'yar ƙofa, daga nan hanji ya fara. Maganin babanki, a farkon hanjin nan kawai jini ke iya ɗaukarsa. Ƙwayar da kike ba shi tana narkewa nan take, ta bi ƙofar gaba ɗaya. Abin da jini ya samu ya samu, saura ya wuce. Shi ya sa yake saki da wuri, ya kuma kafe da wuri."

Ta buɗe aljihun teburi ta fito da wani kafso, ta ɗora a tafin hannunta.

"Wannan maganin ɗaya ne da wancan, yadda aka haɗa shi ne daban. In ya jiƙa a ciki sai ya kumbura ya yi yauƙi, kamar ƙaron da aka jiƙa. Ba shi da nauyi, sai ya taso saman abincin da ke cikin tumbi. Ƙofar tana ƙasa, shi yana sama, ba ya samun wucewa da wuri. Yana nan yana sakin magani kaɗan-kaɗan, hanji na karɓa."

"Allahu akbar," in ji Idrissa.

"Amma ki ji ni da kyau. Ɗungum ake haɗiye shi, ba a fasawa, ba a taunawa. Kada ki ba shi ciki ba komai, don in babu abin da zai hau kai, tumbi zai share shi ya tura gaba. Kuma ba ya kamawa da sauri, saboda haka ƙwayar safe tana nan yadda kika saba. Ba warkewa ba ce. Lokaci ne kawai zai ƙaru."

Hidaya ta ce, "To." A mota Idrissa ya yi ta yi wa fasinjoji bayanin kafson da ke iyo a cikin mutum, har wani dattijo ya ce shi bai yarda ba sai ya gani. Ita kuwa tana riƙe da kan Baba kada ya bugi gilashi, tana kallon gero yana wucewa.

Babu irinsa a farmasin Konni. Sai da aka aiko da shi daga Yamai a motar safa, Idrissa ya je ya karɓo.

Ranar farko kafson ya ƙi wucewa. Baba ya sa shi a baki, ya kurɓi ruwa, ruwan ya tafi, kafson ya manne a harshe. Ya sake, ya ƙware, ya yi tari har idanunsa suka yi ja, kafson ya faɗo cikin kwanon sha. Hidaya ta ajiye kwanon a gefe ta shiga bubbuga masa baya. Da ta dawo ɗaukar kwanon da la'asar ta tarar da abin yana nan a saman ruwa, ya kumbura ya yi laushi, kamar ɗan tsakin ɓawon kabewa. Ta taɓa shi da yatsa, ya nutse ya sake tasowa. Ta zubar a gindin katanga.

Washegari Idrissa yana gona. Ta gwada, ya sake ƙin wucewa. Sai ta yi abin da hannunta ya saba: ta ɓare kafson, ta juye garin a kunu, ta ba shi. Can jikin Baba ya shiga murɗawa, kafaɗa na tsalle, kai na kaɗawa, ƙafa na shure tabarma. Ya yi amai. Kafin azahar kuma ya kafe ƙam. Idrissa ya dawo ya tarar da su haka, ya kira lokotoron a waya, ya miƙa wa Hidaya.

"Yaya kika ba shi?"

"Ɓarewa na yi. Ba shi haɗiyuwa."

Matar ba ta yi faɗa ba. Ta ce ta dama kunu mai kauri, ta binne kafson a cikin cokali ɗaya, ta zaunar da shi sosai, ya sunkuyar da haɓa wajen ƙirji sannan ya haɗiye. Kada ya ɗaga kai sama. Hidaya ta yi haka da safe, ya wuce.

Ba a ga wani abu ba a kwanakin farko, har Idrissa ya fara cewa ko an ba su na jabu ne. Lokotoron ta ƙara yawan maganin ta waya. Sannu a hankali sai safiya ta fara tsawo. Inuwa ta kai gindin randa, Hidaya ta tashi ta ɗauko cokula, ta tarar Baba yana zaune yana gyara igiyar guga da hannunsa. Ta tsaya da cokulan a hannu. Ta mayar da su.

Yakan kai azahar bai kafe ba. In ya ci tuwo ya sha na rana, yakan kai magariba. Ba kullum ba, akwai ranakun da abin ke ƙin kamawa, amma sun yi kaɗan. Ya koma salla a masallacin unguwa. Muryarsa, wadda ta daɗe da zama raɗa, ta ɗan fito. Idrissa ya gama noma na biyu ya koma Abijan da murna, ya ce zai riƙa aiko da kafson daga can.

Hidaya ta rasa abin yi da wunin. Takan gama shara da girki da wanki tun hantsi, ta zauna a gindin dogon yaro, hannaye a cinya. Shatu ta ce ta zo su je sunan wata 'yar'uwarta. Ta je, ta zauna a cikin mata, aka ba ta shinkafa ta ci, aka yi guɗa a kusa da kunnenta, ta tashi ta dawo tun ba a watse ba. Shatu ta tambaye ta ko wani ya ɓata mata rai. Ta ce a'a, ba komai. Gaskiya ta faɗa.

Da kaka ta yi, wata rana Baba yana zaune yana ɓarar wake a faifai, ita tana gefe. Ya daɗe yana kallonta da fuskar nan tasa da ciwon ya hana motsi.

"Hidaya."

"Na'am, Baba."

"Yaushe rabonki da Tajaye?"

"An jima."

"Tahi ki ga ɗiyarki."

"Wa zai ba ka magani?"

"Kafso guda na rana. Shatu na iyawa. Ni ma ina iyawa."

"In ka hwaɗi fa?"

"In na hwaɗi a tashe ni." Ya huta, ya haɗiyi miyau. "Ni na riƙe ki nan. Ban da bakin da zan ce ki tahi, sai yanzu."

Ta jira ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta. Bai motsa ba. Ta ce, "To, Baba. Jibi."

Ta sayi sabulu da ɗankunne da takalmin roba mai fure a kasuwa. Ta koya wa Shatu yadda ake binne kafson a kunu, ta nanata mata cewa sai ya ci tuwo tukuna. Ranar tafiya ta ba shi ƙwayar safe da kafsonsa, ta ƙulle sauran ƙwayoyin a bakin zanenta don sabo, ta fita.

A Tsarnawa ta canja mota, daga bakin kwalta kuma ta hau kabu-kabu. Tajaye ta ƙara gidajen siminti, an gina sabuwar lakwal, makarantar boko, a inda ake sussuka a da. Gidan dai yana nan. Khalilu ya tafi cin rani, matarsa ta yanzu ta kawo mata ruwa ta gaishe ta da ladabi ta koma ɗaki. Tsohuwar, wadda kowa ke kira Inna, ta riƙe hannunta ta ƙi saki.

"Hidaya! Ke ce? Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, Inna. An samu wani magani."

"Alhamdu lillahi. Kin rame, ɗiyata. Zamna, yanzu za su taso daga lakwal."

Da yara suka shigo Hidaya ba ta san wacce ba ce sai da Inna ta kira suna. Doguwa ce siririya, da allo a hammata, ƙafafunta fari fat da ƙura.

"Muhsina, zo ki gaida uwarki."

Yarinyar ta zo ta durƙusa, ta ce, "Ina wuni," ta tsura wa tabarma ido.

"Lahiya lau. Ina karatu?"

"Lahiya lau."

'Yar fari ce, don haka ba wanda ya yi mamaki da uwar ba ta jawo ta jiki ba, ba ta ko ambaci sunanta ba. Inna ma har ta yi dariya ta ce kunyar 'yar fari har yanzu ba ta sake ta ba. Hidaya ta san ba kunya ba ce. Ta dubi yarinyar kamar yadda za ta dubi 'yar kowa: tana da tsabta, ba ta da rama, an kula da ita.

Ta fito da tsarabar. Takalmin bai shiga ba, dunduniya ta rage a waje. Muhsina ta ce ta gode, ta ajiye shi a gefe da kyau. Inna ta ce ƙanwarta za ta sa.

Bayan sun ci abinci Inna ta ce kan yarinyar ya tsufa, ita kuma idonta ba ya ganin tsaga yanzu. Hidaya ta ce a kawo matsefi. Muhsina ta zauna a tsakanin ƙafafunta, ta ba ta baya. Ta tsefe tsohon kitson, ta wanke kan da sabon sabulun, ta shafa mai, ta fara tsaga. Hannunta ya saba da jikin tsoho mai nauyi da tauri, wanda sai an sa ƙarfi ake juya shi. Ta juya kan yarinyar, yarinyar ta ce, "Wash."

"Na ja da yawa?"

"Kaɗan."

Ta sassauta. A bayan kunnen hagu akwai wani tabo mai tsawon gaɓar yatsa, gashi bai fito a wurin ba. Hidaya ta kewaye shi da tsaga ta ci gaba.

Can yarinyar ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Wai kakana rawa shikai kullum?"

"Wa ya ce miki?"

"Yara."

"Ciwo ne. Hannunsa ke rawa, ba shi ba."

"Shina jin zahi?"

"Wani lokaci."

Muhsina ta gyaɗa kai, kitson ya kuɓuce, Hidaya ta sake kamawa. Tana kitson idonta na kan inuwar rumbu. Ta ga ta wuce turmi, ta ce a ranta yanzu Shatu ta ba shi tuwo. Ta ga ta kai bakin ƙofa, ta ce yanzu ya haɗiye. Ta gama layin ƙarshe ta ɗaure, ta ce za ta koma.

"Ba ki kwana?" in ji Inna. "Kin ce an samu magani."

"An samu. Gara dai in koma."

Muhsina ta raka ta har bakin hanya, tana tafe a bayanta tana shafa sabon kitson. Da mai kabu-kabu ya tsaya ta ce, "Sauka lahiya," ta juya da gudu.

Ana kiran la'asar motar ta shiga tashar Dogarawa. Hidaya tana saukowa ta ga mutane sun taru a rumfar direbobi. Ta wuce, sai wani ya kira ta.

"Ɗiyar Rabo! Zo, ga babanki nan."

Takama ne, tsohon abokin Baba, wanda har yanzu yake jan wata tsohuwar mota zuwa ƙauyuka. Ta kutsa cikin mutanen. Baba yana zaune a kan benci, sanye da babbar rigarsa ta Juma'a, hula ta karkace. Ya kafe. Hannu ɗaya yana sama kaɗan kamar an tsayar da shi a tsakiyar magana, miyau ya jiƙa gaban rigar. Wani yana masa fifita da kwali.

"Da ƙahwarshi ya zo," in ji Takama. "Wallahi da ƙahwarshi, tun hantsi. Munka ga mutum da sanda, munka ce wane ne wanga? Ashe Rabo na! Ya ba mu labarin shekarar da gulbi ya ci mashi taya, mun yi dariya har da hawaye. Sai ɗazun magana ta ɗauke."

Shatu tana tsaye a gefe, kwano a hannu, idonta ya yi ja. "Na bi shi har nan da tuwon, Hidaya. Ya ce ba shi cin tuwo gaban mutane, hannunshi na zubarwa. Ya ce in ba shi kafson haka nan, kunu cokali guda. Na hana, ya rantse."

"Ba komai," in ji Hidaya.

Ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙwaya. Ta ari cokula biyu wurin mai shayi, ta murƙushe, ta dama da sauran kunun Shatu, ta tallafo haɓarsa ta ba shi. Ta goge masa baki da gefen mayafinta, ta sauke hannun, ta gyara hular. Ta zauna kusa da shi a kan bencin. Direbobin suka yi tsaye-tsaye, sannan ɗaya bayan ɗaya suka koma wajen motocinsu. Ana ta loda albasa, wani yana kiran Konni, Konni, saura mutum biyu.

Da jikin ya fara saki ya juyo da ido wajenta.

"Kin yi hushi?"

"A'a."

"Na ga tasha," ya ce.

Takama ya ce ba za su taka ba, shi zai kai su. Aka buɗe ƙofar baya, Baba ya tsaya ya ƙi shiga. Ya nuna gaba da sanda. Suka ɗaga shi suka zaunar kusa da direba, Hidaya da Shatu suka shiga baya. Gidan ba nisa, amma Takama ya bi ta bayan kasuwa, ya hau kwalta, ya yi wajen Malbaza kaɗan kafin ya juyo. Baba ya ɗora hannunsa mai rawa a kan allon gaban motar, yana kallon hanya.

"Kilocinka ya kusa mutuwa," ya ce wa Takama.

"Na sani."

"Kana ta zama kanshi. Tun da can haka kake."

Takama ya yi dariya har motar ta yi gefe. Baba bai juyo ba ya ce, "Hidaya, ta girma?"

"Ta girma. Tana lakwal."

"Wa ta biyo? Ke ko ubanta?"

Hidaya ta buɗe baki. Ta nemi fuskar yarinyar ta rasa. Ta tuna ƙeya, ta tuna tsagar kai, da siririn wuya mai maiƙo.

"Ban duba ba," ta ce. "Tana da tabo bayan kunne. Ban tambaya ba."

Shatu ta kama hannunta ta riƙe. Hidaya ta bar mata hannun, tana kallon ƙeyar Baba da ta Takama. Ba ta janye hannun ba har suka isa gida.

Daga ranar Takama yakan biyo ya ɗauki Baba duk ranar kasuwa. Hidaya ta ce sai dai ya ci tuwonsa a gida ya haɗiyi kafsonsa a gabanta, ya yarda. Kafson kuwa wani lokaci yakan zo a kan kari, wani lokaci saƙon Idrissa ya maƙale a hanya, su koma ƙwaya da cokula har ya iso. In ya yanke Baba ba ya zuwa ko'ina, ita ma haka.

Da aka ba da hutun lakwal Inna ta aiko da Muhsina tare da wata mata mai zuwa Galmi. Yarinyar ta ji tsoron kakanta a ranar farko, ta laɓe a bayan randa. A rana ta biyu ya ce ta riƙe masa sanda zuwa masallaci, ta riƙe. Kumatun ubanta ne da ita, goshin kuwa na marigayiya kakarta, Baba ne ya fara lura. Ba ta cin kuɓewa. Tana magana cikin barci. Ta iya wata waƙar lakwal ta Faransanci wadda ita kanta ba ta san ma'anarta ba, ta yi ta rera ta har Shatu ta haddace.

Ranar komawa Hidaya ta kai ta tasha ta damƙa ta hannun matar da ta kawo ta. Muhsina ta samu wuri a bakin taga, ta ce, "Sai babban hutu?"

"In Allah ya so."

Motar ba ta cika da wuri ba. Hidaya ta tsaya a jikin tagar, rana na dukanta. Mai sayar da rake ya zo wucewa, ta saya mata gaɓa biyu ta miƙa ta taga. Yarinyar ta fara sha tana tofar da ɓawon a waje, wani ya faɗo a kan ƙafar Hidaya. Direba ya shiga ya tayar da mota.